Vinka Matar Kyaftin da Kwana Uku a Jazina

A Dragova, garin nan na bakin teku, babu wanda bai san jirgin ruwan nan mai suna Perina ba, kuma babu wanda bai san mai tuƙa shi ba. In baƙo ne ya yi tambaya, sai a nuna masa Kuzma, ga shi can ya harɗe a ƙofar shagon kofi, gemu fari sol, hular kyaftin a ka, maɓallan riga uku a buɗe don a ga gashin ƙirji. In ɗan gari ne ya yi tambayar, to neman magana yake yi, domin har karnukan bakin tasha sun san matarsa Vinka ce mai tuƙin.

Vinka 'yar masunci ce. Ubanta Barba Dume, Barba kuwa shi ne Baba a bakin mutanen can, 'ya'ya mata uku ya haifa, da ya gaji da jiran namiji sai ya ɗauki ta tsakiyar ya jefa a kwalekwale tana 'yar shekara tara. Bai koya mata komai da baki ba, mutum ne da kan wuni bai ce uffan ba. In ta ɗaura igiya ba daidai ba sai ya kwance ya miƙo mata. Ta sake kuskure, ya sake kwancewa. Kafin ta kai sha biyar tana duban launin ruwa ta gaya maka abin da ke ƙasa, nan yashi ne, nan ciyawa, nan dutse mai cinye anka, ƙugiyar ƙarfen nan da ake saki ta riƙe jirgi. Tana ɗaga kai ta dubi tsaunin Velebit da safe ta san ko a teku za a ci abincin rana ko a gida.

Tana da shekara ashirin da huɗu Kuzma ya dawo daga manyan jirage, da farar kwat mai maɓallai masu walƙiya da murya mai daɗin waƙa. Ya ce shi hafsa ne, babu tekun da bai ratsa ba. 'Yan matan gari suka ruɗe, Vinka ma ta ruɗe, ba ta taɓa musun wannan ba. Barba Dume ya dubi tafin hannun saurayin sau ɗaya, ya ga laushinsa, ya juya ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Aka yi biki. Ba a rufa shekara ba wani mutumin tsibirin Silba ya sauka a tasha, ya hango angon, ya ɗaga murya.

"Kai, Kuzma mai faranti! Har yanzu kana iya ɗaukar takwas a hannu ɗaya?"

Ashe shekara shidan da ya yi a teku a ɗakin cin abinci ya yi su, yana zuba wa tsofaffin attajirai miya. Ɗaukar faranti bai dami Vinka ba, sana'a ce. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne da suka koma gida ya zaunar da ita, ya ɗaure fuska, ya yi mata bayani dalla-dalla cewa mutumin ya rikita shi da wani Kuzman ne. Ta dube shi, ta dubi kwat ɗin da ke rataye a ƙusa, ta tashi ta ɗora tukunya. Tun daga ranar ba ta ƙara yi masa gardama a kan komai ba, kamar yadda ba a gardama da rediyo.

Da aka gama yaƙin da aka yi a ƙasar, baƙi masu yawon buɗe ido suka dawo tsibiran yankin, kowa na neman jirgi mai filafilin zane, irin wanda iska ke turawa, da za a yi yawo da shi mako guda. Vinka ta sayar da rabonta na gonar zaitun ta sayi Perina, ta sa masa sunan uwarta. Takardar tuƙi Kuzma ne ya je birnin Zadar ya karɓo, don shi ne mai bakin shiga ofis, kuma baƙi gemu suke so su gani a bayan sitiyari. Sai aiki ya rabu. In teku ta kwanta kuma ana ɗaukar hoto, Kuzma ne a sitiyari. Girki, sakin anka, ɗaurin igiya, gyaran inji, duban sama, duk na Vinka. Don kada asiri ya tonu suka ƙirƙiro yarensu. In ta leƙo daga kicin ta ce miya ta yi kauri, a rage filafili ke nan. In ta ce gishiri ya ƙare, a juya a koma. Baƙi su yi ta dariya suna cewa matar nan ba ta da zance sai na tukunya, Kuzma ya taya su. Shekara ashirin da biyu suka yi a haka, har 'yarsu ɗaya tilo ta girma ta yi aure a Rijeka.

A watan Satumban shekarar da Vinka ta cika hamsin da shida, wani likitan haƙori daga Zagreb, Dokta Branimir, ya ɗauki jirgin shi da matarsa Dubravka. Ya zo da sabon takalmin jirgi, da safar hannu mai yankakkun yatsu, da agogo mai faɗin ƙarfin iska, da wata takarda da ya samu bayan ya je aji sau huɗu, wadda ta ce shi ma kyaftin ne. Tun a tasha ya zaro ta ya nuna. Matar kuwa akwati uku ta jawo, masu tayoyi, ta tsaya tana tambayar ina ɗakin ajiye kaya. Vinka ta karɓi akwatunan ta cusa su inda take ajiye dankali.

Kuzma da Dokta suka ɗinke nan take. Kowa ya samu wanda zai yi wa ƙarya ya gyaɗa kai, muddin shi ma za a gyaɗa masa in nasa lokacin ya zo.

Rana ta uku da fitowarsu, da safe, Vinka ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, ta ga farin girgije ya kwanta a kan Velebit daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sama kuma garau, ko ɗigo babu. Alamar muguwar iskar tsaunin ke nan, kuma ba ƙarama ba.

"Kuzma," ta ce, "miya za ta ƙone kafin rana ta take."

Wannan kam ya gane shi, don tsoron iskar nan ne kaɗai abin da ya koya da gaske a teku. Ya gyara hula, ya shaƙi iska da hanci, ya sanar da baƙi cewa ƙashinsa ya gaya masa iska na tafe, za su fake a Jazina. Dokta ya dubi agogonsa ya ce lallai shi ma ya lura.

Jazina lungu ne da tuddai suka kewaye ta gefe uku. Babu gida, babu shago, sai rusasshen garken tumaki da itacen ɓaure ɗaya, da layin duwatsu baƙaƙe a bakin mashigar. Kwalekwalen Barba Roko, wani tsohon masunci abokin marigayi ubanta, ya riga su shiga ya lafe a kusurwa. Vinka ta goge hannu ta nufi gaban jirgi kamar kullum, don akwai wani fili na yashi a hagu wanda ta sani kamar tsakar gidanta. Sai ta ji muryar mijinta.

"Tsohuwa, koma kan tukunyarki. Yau Dokta zai sakar mana anka."

Ta tsaya cak. Dokta har ya ja safarsa ya wuce ta. Kuzma ya tsayar da jirgi a tsakiyar lungun, inda ruwan ya yi duhu, don nan ne hoto zai fi kyau.

"Kuzma, akwai ganye a miyar nan," in ji Vinka.

"To ki tsame shi mana," ya ce, ya kanne wa Dubravka ido. "Kin gani, Madam? Shekara talatin ina fama. Ko duniya za ta tashi, ita dai miya."

Dubravka ta yi dariya. Dokta ya danna maɓalli, anka ta faɗa a kan ciyawa, ya saki 'yar sarƙa kamar wanda ake sayar masa da ita da awo, ya juyo yana jiran tafi. Kuzma ya ce ko a manyan jirage bai ga hannu mai kyau irin wannan ba.

Suna cikin cin abinci Vinka ta zagaya gaba ta ƙara sakin sarƙa har ta ninka ta sau uku. Ta ja mijinta gefe ta ce a ɗaga ankar a koma kan yashi tun iska ba ta iso ba.

"In ɗaga ankar da baƙo ya saki a gabansa? Ke ba ki san mutunci ba."

"A ciyawa take."

"To ciyawa ba ƙasa ba ce?"

Ta dube shi irin kallon da ta saba, ta koma kicin. Da ta matsa da ya yarda, ta san haka, don bai taɓa jure matsi na minti biyar ba. Amma ranar wani taurin kai ya hau ta. Ta ce a ranta bari dai su gani.

Iskar ta iso da rana tsaka. Ba busawa take yi ba, faɗowa take daga kan tudu kamar an tunkuɗo ta, ta daki jirgi ya karkata, ta kwashi saman ruwa ta watsa kamar hayaƙi, sannan ta yi shiru har ka ce ta wuce, sai wata ta faɗo. Igiyoyi suka kama kuka a jikin sandar jirgi. Vinka ta ɗauko kwanon dankali ta zauna a bakin ƙofa, inda take hango itacen ɓauren nan ya yi layi da kusurwar rusasshen garke. Muddin suna kan layi ɗaya, anka na riƙe. Ta fere dankalin da zai ciyar da mutum goma.

Wunin farko baƙi sun ji daɗi. Dubravka ta ɗaura gyale ta yi hoto gashinta na tashi. Dokta ya tsaya da agogonsa yana kiran lambobi kamar mai sanar da sakamakon wasa. Kuzma ya buɗe kwalbar barasar nan tasu da suke kira rakiya ya ba da labarin guguwar da ya haɗu da ita a tekun Indiya, raƙuman ruwa masu tsayin bene uku.

Wuni na biyu daɗin ya ƙare. Babu sauka, babu iyo, ruwan ya yi sanyi ƙarara. Dubravka ta so yin wanka na biyu, Vinka ta ce tankin ruwan daɗi ɗaya ne kuma ba a san ranar fita ba.

"Teta Vinka," in ji ta, wato Inna Vinka, "ni fa ban saba ba. A gida sau biyu nake yi."

"Ga teku can, Madam. Ba ta ƙarewa."

Dokta ya hau kan rufin ɗaki yana ɗaga wayarsa sama har ta kama, ya sauko da albishir cewa iska za ta faɗi da ƙarfe uku. Ƙarfe uku ta ƙaru. Ya ce kuskuren wayar awa biyu ne. Ƙarfe biyar ta ɗauke tawul ɗin matarsa daga kan igiya ta yi gaba da shi. Mata da miji suka shige ɗaki suka rufe ƙofa, suka manta katakon bai kai kaurin yatsa ba. Vinka na yanka albasa ta ji duk tarihin aurensu, ta ji sunan wata ma'aikaciyar asibitinsa har sau huɗu, ta ji ashe Dubravka otal ta so zuwa tun farko. Da suka fito suna murmushi ta tambaye su ko a ƙara musu tuwon masara. Kuzma ya maimaita labarin tekun Indiya, raƙuman sun zama bene biyar. Dokta ya rama da labarin wani haƙori da ya cire mai saiwa huɗu, wanda har daga Vienna aka zo kallo.

Can dab da faɗuwar rana iska ta ɗan lafa, Barba Roko ya tuƙo kwalekwalensa da filafilin hannu, ya kama gefen Perina, ya miƙo wa Vinka kifi huɗu a leda. Ya leƙa ruwa ya bi sarƙar da ido.

"'Yar Dume, wa ya saki ankar nan?"

"Dokta."

"A kan ciyawa?"

"Yana da takarda, Barba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi. "Wancan mai hular fa, ina yake lokacin?"

"Yana tafi."

"Da ubanki na da rai da ya jefa ku duka a ruwa, ke ce ta farko." Ya tura kwalekwalensa ya koma kusurwarsa. Maganar ta ƙarshe ta zauna mata, don ta san gaskiya ce. Tun daren jiya barcinta rabi da rabi, saboda taurin kan da babu wanda ya sa ta.

Rana ta uku a Jazina suna zaune ana cin miyar kifin Barba Roko, Kuzma ya kai bene bakwai, sai wata iska ta faɗo wadda ta fi duk na baya. Jirgi ya juya gefe, kwanuka suka zame. Vinka ta ji wani gurnani yana bin sarƙa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafarta. Ta leƙa. Ɓaure ya rabu da kusurwar garke, kuma rabuwar sai ƙaruwa take yi.

"Anka ta saki," ta faɗa a fili, ba miya ba ganye.

Kuzma ya miƙe da cokali a hannu. Ya dubi baya, ya ga baƙaƙen duwatsun mashiga suna matsowa da farin kumfa a kansu.

"A ɗaga filafili! A'a, kada a ɗaga! Dokta, kama igiyar can! Ba wannan ba! Waliyyi Nikola, ka dube mu!" Sai ya dafe aljihu. "Takardun jirgi. Bari in ɗauko takardun jirgi."

Ya gangara ƙasa, ta ji ƙarar sakatar bayi.

Vinka ta tsallake teburi ta tayar da inji. Ta dubi Dokta, ta ga ya rungume sandar jirgi da hannu biyu, fuskarsa ta koma launin madara, rigar ceto a wuyansa baibai. Ta dubi Dubravka, ta ga ita aƙalla idonta a buɗe yake. Ta fizgo ta ta dasa ta a bayan sitiyari.

"Kin ga itacen can? Ki sa hancin jirgi a kansa. In ya kauce ki mayar. Kada ki taɓa komai bayan wannan."

"Ban iya ba, Teta, ban taɓa..."

"Kina tuƙa mota?"

"Ina tuƙawa."

"To babu 'yan sanda a nan. Riƙe!"

Ta ƙara wa inji wuta ta rarrafa zuwa gaba, ruwan gishiri na tsinkar mata fuska. Ta danna maɓalli sarƙa ta fara hawowa. Da anka ta ɓullo sai ga ta ɗauke da ciyawa dami guda, kamar kan mahaukaciya. Sarƙa ta harɗe a bakin ramin da take shiga, injin jan ya tsaya. Duwatsu sun kusa har tana ganin katantanwar da ke manne a jikinsu. Ta sa hannu ta fizgi harɗin, ya warware gaba ɗaya, ya tafi da kan yatsanta na tsakiya na hannun hagu. Ba ta ji zafi ba a lokacin, jini kawai ta gani yana bin ruwa. Ta naɗe hannun da gefen rigar girkinta, ta koma baya, ta ture Dubravka da kafaɗa, ta kai jirgi kan farin yashin da ya kamata a tsaya tun shekaranjiya. Ta mayar da matar kan sitiyari, ta sake rarrafawa gaba, ta yaye ciyawar da ƙafa, ta saki anka da duk sarƙar da ke cikin jirgi. Perina ya ja da baya, sarƙa ta miƙe, ya tsaya cak har sai da kowa ya yi taga-taga.

Sakata ta yi ƙara. Kuzma ya fito da jakar takardu a hammata, gashin gemunsa a jiƙe, ya dubi dama da hagu.

"Madalla," ya ce. "Daidai inda na nufa. Kun ga amfanin horar da ma'aikata."

Dokta ya saki sandar a hankali. Da ya ga jini sai hankalinsa ya dawo, don jini dai ya sani. Ya wanke yatsan, ya ɗinke abin da ya ɗinku, ya naɗe shi tsaf. Vinka ba ta hana shi wannan ba, hannunsa na da kyau a aikinsa. Sai dai duk tsawon ɗinkin yana yi mata lacca cewa ba a taɓa sarƙa sai da safa, a aji ma abin da aka fara koya musu ke nan, kuma zai bar mata tasa in za su tafi.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gyaruwa. Kuzma ya sauka ƙasa ne don ya duba ko ruwa na shiga. Dokta ya riƙe sandar jirgi ne don ya ji tana girgiza. Dokta ya ɗaga kofi ya ce a sha don Barba Kuzma, mutumin da ko gezau bai yi ba. Vinka ta dubi Dubravka, wadda ta ga komai da idonta. Matar ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗaga kofinta ita ma. Daga baya ta bi Vinka kicin ta dafa mata kafaɗa.

"Mu mata mun san abin da muka sani, ko Teta? A bar su da bakinsu." Ta rage murya. "Don Allah gobe in iska ta lafa ki ɗauke ni hoto a sitiyarin. Ɗazu babu wanda ya ɗauka."

Vinka ta ce to, ta ci gaba da wanke tukunya da hannu ɗaya.

Rana ta huɗu iskar ta mutu kamar ba a yi ba. Suka kama hanyar Dragova saboda yatsan, a kan teku mai santsi, Kuzma a sitiyari yana waƙa. Da suka doshi tasha ya fara waige-waige, don nan ne kullum Vinka ke fitowa kamar za ta shanya tsumma, ta tsaya kusa da shi ta riƙe sitiyari ta ƙasa har jirgi ya shiga gurbinsa da baya. Bai gan ta ba.

"Tsohuwa! Mun iso fa."

"Na gani," ta amsa daga kicin.

"Ba za ki fito ki sha iska ba?"

"Na sha ta kwana uku. Miya nake yi, Kyaftin."

Lahadi ce, an fito daga coci, rabin gari na zaune a shagon kofi. A gabansu Kuzma ya yi yunƙuri uku. Na farko ya wuce gurbin. Na biyu ya nufi kwalekwalen limamin coci sai da aka yi ta ihu. Na uku ya shigo da gudu ya daki bangon tasha, katakon bayan jirgi ya tsage, akwatin Dubravka ɗaya ya gangara a kan tayoyinsa ya faɗa ruwa. Babu wanda ya yi dariya da ƙarfi, mutanen Dragova ba sa haka. Wani dai daga cikin shagon ya tafa hannu sau uku a hankali. Vinka na zaune a ƙasa ta ji tsagewar katakon har cikin haƙoranta, jirginta ne, sunan uwarta ne a jiki. Ba ta motsa ba sai da aka kashe inji.

Da sanyi ya shigo ta gyara katakon da kanta, ta hau jirgin fasinja zuwa Zadar ta zauna jarrabawar tuƙi a cikin samari sa'o'in 'yarta. Ta faɗi. Ɗaurin igiya ta yi shi tana kallon taga, amma da aka zo tambayoyin littafi ta tsaya tana gaya wa mai jarrabawa cewa wanda ya rubuta littafin bai taɓa shiga Jazina ba. Ta koma gida ta haddace abin kamar karatun yara, tana tsaki a kowane shafi, ta dawo bayan wata biyu ta amsa musu yadda suke so. Suka ba ta takarda. Ta ninke ta ta sa a gwangwanin kofi.

Sanyi ya wuce, baƙi suka dawo, Vinka ta ɗauki wata bazawara 'yar ƙanwar uwarta ta riƙe kicin, ita ta tsaya a sitiyari. Kuzma ya sanar a shagon kofi cewa likita ya hana shi teku saboda ciwon baya. Ba su rabu ba, gida ɗaya suke har yau, tana wanke masa riga, yana ba tumatirinta ruwa in ta yi tafiya.

Sau ɗaya, a shekara ta biyu, bazawarar ta kwanta rashin lafiya ana gobe tafiya, Kuzma ya ce shi zai riƙe kicin, ai ya san harkar abinci. Vinka ta rasa yadda za ta yi ta yarda. Mako guda ya ƙona shinkafa sau biyu, ya dafa taliya da ruwan teku don ya ce haka ake yi a Italiya, ya ƙarar da man zaitun na wata guda. Baƙin, wasu malaman makaranta su shida daga Osijek, suka mutu a kansa. Yana jera musu faranti a hannu yana waƙa, suna tafi, suna cin ƙonanniyar shinkafa suna neman ƙari. Ranar sauka matan suka rungume shi ɗaya bayan ɗaya, har ɗaya ta yi hawaye. Vinka suka ba ta hannu suka ce an gode.

Da suka tafi ya tsaya a bakin tasha yana ɗaga musu hannu, ya juyo fuskarsa cike da haske.

"Kin gani, tsohuwa? Mako mai zuwa ƙarfe nawa za mu tashi?"

Vinka na durƙushe tana kankare gindin tukunya da wuƙa. Ba ta ɗago ba.

"Ni ƙarfe bakwai," ta ce. "Kai kuma ka tuna tumatir safe da yamma ne."